Ƙidayar Ƙura: Tarihin Awon Iska a Gine-ginen da Ake Cire wa Asbesto

Ranar 14 ga watan Yuli na 1996, a hirar da shugaban Faransa kan yi da 'yan jarida albarkacin bikin ranar ƙasa, Jacques Chirac ya yi alkawarin cewa kafin shekarar ta ƙare ba za a bar ɗalibi ko ɗaya a harabar jami'ar Jussieu da ke tsakiyar birnin Faris ba. Dalilinsa shi ne asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da aka fesa wa ƙarafa da rufin ginin tun lokacin da ake gina shi, domin kada gobara ta ci shi. Shekarar ta ƙare ɗalibai na nan daram. Aikin da aka yi zaton za a gama cikin shekara uku ya ci kusan ashirin. Kuɗin da aka fara yankewa, kwatankwacin yuro miliyan 183, kotun binciken kuɗaɗen gwamnatin Faransa ta ƙiyasta a 2011 cewa zai kai biliyan 1.85 idan aka haɗa da sabunta gine-ginen.

A tsawon waɗannan shekaru dubban mutane sun ci gaba da karatu da bincike a wani ɓangare na harabar, ana kankare asbesto a wani ɓangaren. Abin da ke raba ɗakin da za a shiga da wanda za a rufe kuwa adadi ne a kan takarda: zaren asbesto nawa aka samu a lita ɗaya ta iska. Wannan adadi yana da tarihin da ya haura shekara ɗari, kuma wanda ya bi tarihin zai ga cewa duk lokacin da aka ce iskar wani gini ba ta da illa, akwai tambayoyi uku a ƙarƙashin maganar: da wace na'ura aka duba, a ina da wane lokaci aka ɗebi iskar, kuma wa ya biya mai dubawar.

Ma'adinin da wuta ba ta ci

Asbesto dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa, amma idan aka farfasa shi sai ya warware kamar auduga. Wuta ba ta cinsa, ba ya ruɓewa, ana iya saƙa shi, ana iya kwaɓa shi da siminti. Iri uku ne suka fi shiga kasuwa: fari, wanda aka fi haƙowa a Kanada da Rasha, sai mai ruwan ƙasa da shuɗi, waɗanda Afirka ta Kudu ta shahara da su. Daga ƙarshen ƙarni na 19 aka shiga naɗe tukwanen tururi da bututan jiragen ruwa da shi, daga baya ya shiga birkin mota da kwanon rufi da silin ɗaki.

Illarsa tana cikin ƙanƙantar zarensa. Kaurin gashin ɗan Adam ya kai kimanin maikiron 70, maikiron kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Zaren asbesto sau da yawa bai kai maikiron ɗaya ba. Idan ya tashi yakan yi sa'o'i yana yawo a iska, ba shi da wari, ba ya sa atishawa, kuma idan ya sauka can cikin huhu jiki ba ya iya narkar da shi cikin sauƙi. Cutar da yake haddasawa ba ta bayyana sai bayan shekara ashirin, talatin ko arba'in.

An lura da haɗarin da wuri. A 1898 wata jami'ar duba masana'antu a Birtaniya, Lucy Deane, ta rubuta a rahotonta cewa ƙurar asbesto na cutar da ma'aikata, bayan an duba ta a madubin likita an ga tsininta. A 1906 wani jami'i a Faransa, Denis Auribault, ya ba da rahoton mutuwar ma'aikata kusan hamsin a wata masaƙar asbesto da ke kusa da Condé-sur-Noireau. A 1924 wata ma'aikaciyar masaƙa a garin Rochdale na Ingila, Nellie Kershaw, ta rasu tana da shekara 33, kuma binciken da likita William Cooke ya yi wa huhunta shi ne ya kai ga sanya wa cutar suna. Bayan haka gwamnati ta sa likita Edward Merewether da injiniya Charles Price su binciki masana'antar. Rahotonsu na 1930 ya nuna cewa cikin ma'aikata 363 da aka duba, kusan kashi ɗaya bisa huɗu huhunsu ya riga ya taurare. Dokar da ta biyo baya a 1931 ta tilasta sanya injinan zuƙe ƙura a masana'antu, sai dai ba ta faɗi adadin ƙurar da ya halatta ba, domin a lokacin babu wata amintacciyar hanyar ƙirga ta.

Daga ƙirga ƙura zuwa ƙirga zare

Ilimin awon ƙura ya girma ne a ramukan haƙar zinariya na Afirka ta Kudu, inda ƙurar dutse ke kashe masu haƙa. A 1916 babban injiniyan ma'adinai na gwamnati, Robert Kotzé, ya ƙera wata 'yar na'ura mai suna konimita, wadda ke zuƙar iska kaɗan ta watsa ta a kan gilashi mai danƙo, sannan a ƙirga ƙwayoyin da suka manne. A Amurka aka ɓullo da wata dabarar: a ja iska ta cikin kwalba mai ruwa, ƙurar ta tsaya a ruwan, a ɗiga shi a ƙarƙashin madubi a ƙirga.

Da irin wannan kwalba hukumar lafiyar Amurka ta binciki masaƙun asbesto na jihar North Carolina, kuma a 1938 rahoton da Waldemar Dreessen ya jagoranta ya ba da shawarar wucin gadi: kada ƙura ta wuce ƙwaya miliyan biyar a kowace ƙafa kubik ta iska, wato kusan ƙwaya 175 a mililita ɗaya. Wannan adadi na wucin gadi ya zauna kusan shekara talatin. Matsalarsa kuwa a fili take. Kwalbar tana tara kowace irin ƙura, ta auduga da ta ƙasa da ta asbesto, madubin kuma ba ya ganin siraran zaruruwa. Wurin aiki na iya cika ƙa'ida alhali iskarsa cike take da abin da ke kisa.

Abubuwa biyu suka sauya lamarin a shekarun 1960. Na farko na likitoci ne. A 1955 Richard Doll ya tabbatar da alaƙar asbesto da sankarar huhu. A 1960 likita J. C. Wagner da abokan aikinsa suka ba da rahoton mutum 33 a Afirka ta Kudu da suka kamu da mesoteliyoma, wata sankara da ke kama fatar da ta lulluɓe huhu, wadda kafin lokacin da wuya likita ya gan ta ko sau ɗaya a rayuwarsa. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa aikin haƙa ba, sun dai zauna kusa da wuraren haƙar shuɗin asbesto a arewacin lardin Cape. A 1964 Irving Selikoff ya nuna yawan mace-mace tsakanin masu naɗe bututu a Niyok, a 1965 kuma Muriel Newhouse da Hilda Thompson suka gano cutar a gabashin Landan tsakanin iyalan ma'aikata da maƙwabtan masana'anta. Ya tabbata ke nan cewa ƙura kaɗan ma na iya kisa, kuma ba sai ma'aikaci kawai take samu ba.

Na biyu na masu awo ne. Aka koma ɗaura wa ma'aikaci ƙaramin famfo a ƙugu, da siririn tiyo da ke kaiwa ga wata 'yar matata a kusa da hancinsa. Bayan aiki sai a cire matatar, a zuba mata sinadarin da zai mayar da ita garai-garai kamar gilashi, a duba ta da wani irin madubi da ke fito da abubuwa marasa launi, wanda ƙirƙirarsa ta sa aka ba Frits Zernike ɗan ƙasar Holan kyautar Nobel a 1953. Aka kuma yarda da ma'anar abin da za a ƙirga: zaren da tsawonsa ya wuce maikiron 5, kaurinsa bai kai maikiron 3 ba, tsawonsa kuma ya ninka kaurinsa aƙalla sau uku.

Da wannan hanya ƙungiyar masana tsaftar wurin aiki ta Birtaniya ta ba da shawara a 1968 cewa kada farin asbesto ya wuce zare 2 a mililita. An gina lissafin ne a kan taurarewar huhu kaɗai, ba a sa sankara a ciki ba. Ana ƙiyasta cewa ma'aikaci na shaƙar iskar da ta kai lita dubu goma a aikin awa takwas, don haka zare 2 a mililita na nufin zare miliyan ashirin a yini guda. Daga nan adadin ya riƙa sauka. A Amurka hukumar kula da lafiyar ma'aikata, OSHA, ta sa zare 5 a 1972, ta mayar da shi 2 a 1976, ta sauke shi zuwa 0.2 a 1986, sannan 0.1 a 1994. Cikin shekara ashirin da biyu abin da doka ta halatta ya ragu sau hamsin, alhali ma'adinin na nan yadda yake.

Haɗarin ya bar masana'anta ya shiga aji

A farkon shekarun 1930 wani kamfani a birnin Leeds na Ingila ya ƙirƙiro hanyar fesa asbesto a jikin ƙarfe da rufi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka shiga gina dogayen benaye masu ginshiƙan ƙarfe, feshin ya zama ruwan dare a makarantu da asibitoci da ofisoshi, domin ƙarfe na lanƙwashewa idan gobara ta yi tsanani. Feshin yana da taushi, ana iya murmushe shi da yatsa. Da ya tsufa sai ya fara zuba. Amurka ta hana fesa shi a 1973, Faransa kuma a ƙarshen shekarun 1970, amma abin da aka riga aka fesa yana nan a saman kawunan mutane.

Cire shi ma wata fitina ce. A tsakiyar shekarun 1970 aka kwashe feshin asbesto daga ginin sashen zane-zane da tsara gine-gine na jami'ar Yale, kuma likitan jami'ar, Robert Sawyer, ya auna iskar a kowane mataki, ya buga sakamakon a 1977. Ya gano cewa idan ginin na shiru adadin zare kan yi ƙasa sosai, amma da zarar masu shara sun fara aiki ko wani ya taɓa rufin sai ya tashi. Ya kuma gano cewa kankare feshin a bushe na tayar da ƙurar da ta ninka kusan sau goma ta wanda aka jiƙa da ruwa mai sinadarin da ke sa shi ratsawa. Darasin shi ne aikin cirewa, idan aka yi shi da ganganci, ya fi barin abin a wurinsa haɗari.

Daga irin waɗannan gwaje-gwaje aka tsara yadda ake aikin a yau. Ana lulluɓe ɗakin da leda mai kauri daga ƙasa har sama, a toshe kowace kafa, a busa hayaƙi a ciki don ganin ko yana fita ta wani wuri. Ana kunna injinan da ke zuƙe iskar ɗakin su tace ta da matata mai kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin da girmansu ya kai maikiron 0.3. Zuƙar tana sa ƙarfin iskar ciki ya gaza na waje, ta yadda ko leda ta yage iska za ta shiga ne, ba za ta fita ba. Ma'aikata na shiga da fita ta jerin ƙananan ɗakuna masu wurin wanka a tsakiya. Awon iska kuwa kashi huɗu ne: kafin a fara aiki don sanin yadda wurin yake, a jikin ma'aikata yayin aiki, a wajen ledar don gano yoyo, sannan awon ƙarshe kafin a yarda mutane su koma.

Awon ƙarshen ne aka fi samun ruɗu a cikinsa. Ɗakin da aka rufe ya kwana, ƙurarsa ta kwanta, zai ba da adadi mai kyau ko da kuwa ƙasansa cike take da zare. Saboda haka dokar da majalisar Amurka ta yi a 1986 kan asbesto a makarantu, da ƙa'idojin da suka biyo bayanta, suka tanadi a tayar da ƙurar da gangan: a bi bango da ƙasa da injin hura ganye, a bar fankoki na juyawa, sannan a ɗebi iska a wurare biyar a ciki da biyar a waje. A Birtaniya ana goge bango da ƙasa da buroshi yayin da famfo ke ja. Manufar ita ce a kwaikwayi ranar da yara za su dawo suna guje-guje.

Abin da ya faru a Jussieu

An gina harabar Jussieu tsakanin 1964 da 1972 a filin tsohuwar kasuwar giya ta Faris, bisa zanen Édouard Albert, kuma an fesa asbesto a faɗin da ya kai kimanin murabba'in mita 200,000. A tsakiyar shekarun 1970 masu bincike a ɗakunan gwaje-gwajen jami'ar suka lura da wata ƙura da ke sauka a kan kayan aikinsu. Da yake masana kimiyya ne, da kansu suka gano ko mece ce. Wani masanin sinadarai, Henri Pézerat, ya shiga gaba a kwamitin ƙungiyoyin ma'aikatan jami'ar, suka haɗa kai da ma'aikatan masana'antun asbesto, matsin lambarsu kuma ya taimaka wajen samar da dokokin farko na Faransa a 1977.

Daga nan maganar ta lafa. A 1982 aka kafa wani kwamitin dindindin kan asbesto wanda masana'antar ke ɗaukar nauyinsa, ya haɗa likitoci da jami'an gwamnati da wakilan wasu ƙungiyoyin ƙwadago, ya shafe shekara goma sha uku yana kare ra'ayin cewa ana iya amfani da ma'adinin cikin kulawa. Sai a 1994, da aka fara samun marasa lafiya tsakanin ma'aikatan jami'ar, wani sabon kwamiti ƙarƙashin masanin lissafi Michel Parigot ya sake tayar da batun. A 1996 cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, Inserm, ta ƙiyasta cewa asbesto zai kashe mutum 1,950 a Faransa a wannan shekara kaɗai. Gwamnati ta sanar da haramta shi daga 1 ga Janairu na 1997.

A watan Fabrairu na 1996 aka kafa dokar da ta sa zare 5 a lita, wato 0.005 a mililita, a matsayin iyaka ga iskar cikin gini. An samo adadin ne daga yawan zaren da aka auna a iskar yankin Faris a shekarun 1970, lokacin da ake amfani da asbesto ko'ina. Ma'anarsa ke nan ita ce iskar ɗakin ba ta fi ta titin wancan zamani muni ba.

Sauran adadin da ake amfani da su wajen buɗe gini su ma asalinsu makamancin haka ne. A Birtaniya ana buɗe wuri idan awon ƙarshe ya gaza zare 0.01 a mililita. Wannan shi ne kusan mafi ƙanƙantar abin da madubin haske ke iya ƙirgawa da tabbaci daga lita 480 na iska, hukumar da ta sa shi ma ta yi gargaɗin kada a ɗauke shi a matsayin matakin da za a zauna da shi har abada. A makarantun Amurka ana duba matatar da madubin ilektaron, iyakar kuma ita ce zare ko dunƙulen zare 70 a murabba'in milimita ɗaya na matatar, adadin da aka ɗauko daga yawan gurɓatar da akan samu a jikin sabuwar matata da ba a ja iska ta cikinta ba. Cikin ukun babu wanda aka samo daga lissafin cuta, domin har yau ba a gano wani mataki da za a ce ƙasa da shi asbesto ba ya haddasa sankara ba.

Faransa ta sake koyon darasin na'ura a 2009. Madubin haske ba ya ganin zaren da kaurinsa bai kai kimanin maikiron 0.2 ba, kuma ba ya bambanta asbesto da zaren auduga ko na gilashi. Madubin ilektaron yana yin duka biyun. Da ma'aikatar ƙwadago ta sa aka auna wuraren aikin cire asbesto da shi a 2009 da 2010, sai aka tarar cewa siraran zaruruwan da ba a ƙirgawa suna da yawan gaske, a wasu ayyukan ma ƙurar ta fi ƙarfin takunkumin da ma'aikata ke sawa. Dokar watan Mayu na 2012 ta wajabta amfani da madubin ilektaron, ta kuma sauke iyakar ma'aikata daga zare 100 zuwa 10 a lita daga watan Yuli na 2015. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2023: ta sauke iyakar zuwa 0.01 a mililita, ta kuma ba ƙasashenta zuwa ƙarshen 2029 su koma ga madubin ilektaron.

Wa ke riƙe da famfon

Na'ura komai kyanta mutum ne ke ajiye ta. Ɗan kwangila ba ya karɓar cikon kuɗinsa sai awon ƙarshe ya yi kyau, kuma kowace ranar jinkiri asara ce. A 1993 makarantun gwamnati na birnin Niyok suka makara wajen buɗewa bayan hutu, saboda an gano cewa rahotannin binciken asbesto da aka yi musu a baya ba abin dogaro ba ne. A 2004 wata kotun tarayya ta sami wani ɗan kwangila da mahaifinsa a jihar Niyok da laifi, bayan an tabbatar da cewa a ɓoye shi ne mai ɗakin gwaje-gwajen da ke duba aikinsa. An ƙirƙiri dubban sakamakon ƙarya a wurare fiye da 1,500, ciki har da makarantu da asibitoci, an kuma yanke masa ɗaurin shekara 25. Wannan ne dalilin da ya sa ake so mai gini da kansa ya ɗauki mai awo, kada ɗan kwangila ya zo da nasa.

Matsin lamba kan zo daga sama ma. Da tagwayen benayen cibiyar kasuwanci ta duniya suka rushe ranar 11 ga Satumba na 2001, ƙurar da ta lulluɓe kudancin Manhattan ta haɗa da niƙaƙƙen siminti mai ƙuna da zaren gilashi da dalma da asbesto, wanda aka fesa a benayen ƙasa na hasumiyar arewa kafin a daina. Kasuwar hannun jari ta koma aiki ranar 17 ga wata. Washegari shugabar hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, wato Christine Todd Whitman, ta shaida wa mutanen Niyok cewa iskarsu ba ta da illa. A watan Agusta na 2003 babban mai binciken hukumar ya fitar da rahoton cewa a lokacin ba ta da isassun bayanan da za ta yi irin wannan magana kai-tsaye, domin akwai sinadarai da dama da sakamakonsu bai fito ba, kuma wani ofishi a fadar White House ya sa an ƙara kalaman kwantar da hankali an cire na gargaɗi daga sanarwar manema labarai. Ma'aunin asbesto da aka yi amfani da shi a titi shi ne wancan na makarantu, wanda aka tsara don rufaffen ɗaki da aka share. An bar mazauna unguwar su goge gidajensu da jiƙaƙƙen tsumma, sai a 2002 hukumar ta fara shirin tsaftace gidaje. A watan Satumba na 2023 adadin ma'aikatan hukumar kashe gobara ta birnin da cututtukan wannan wuri suka kashe ya kai 343, daidai da waɗanda suka mutu ranar harin. Whitman ta nemi gafara a 2016.

Bene mai hawa 41 na bankin Deutsche Bank, da ke daf da wurin, ya cika da wannan ƙura har aka yanke shawarar rushe shi hawa-hawa. A nan an bi ƙa'idar iska sau da ƙafa: an kewaye ginin da na'urorin awo, an rufe matakala da katako da leda, injinan zuƙa na aiki. Ranar 18 ga Agusta na 2007 gobara ta tashi. Zuƙar injinan ta ja wuta da hayaƙi zuwa benayen ƙasa, shingayen suka toshe hanyar fita, bututun ruwan kashe gobara kuma an yanke shi ba a lura ba. 'Yan kwana-kwana biyu suka rasu. Ba a gama rushe ginin ba sai a farkon 2011.

Abin da ya rage a rufin gidaje

Ƙasashe fiye da sittin sun haramta asbesto, amma haramci ba ya sauke kwano daga kan gida. A Najeriya an yi masana'antun kwanon rufi da silin na siminti mai asbesto a Legas da Enugu da Kano da Bauchi, kayansu kuma suna nan a makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata da aka gina shekaru da dama da suka wuce. Irin wannan bai kai feshi haɗari ba matuƙar ba a taɓa shi ba, domin siminti ya riƙe zaren. Haɗarin na tasowa ne ranar gyara, lokacin da kafinta ya ɓaɓɓalle tsohon silin da guduma, ko ya yanke kwano da injin yanka a bushe, aka share tarkacen da tsintsiya, yara suka ɗebi gutsattsarin suna wasa.

Inda babu famfo da madubin ilektaron, abin da Sawyer ya gano a Yale na nan da amfaninsa: a jiƙa kafin a taɓa, a kwance ƙusa a sauke allon ɗungurungum maimakon a fasa shi, a fitar da mutane daga wurin, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe tarkacen a leda, kada ma'aikaci ya kai kayan aikinsa gida a wanke. Inda kuma aka kawo takardar awo, mai gini da shugaban makaranta da iyayen yara suna da haƙƙin sanin irin madubin da aka duba matatar da shi, ko an tayar da ƙurar kafin a ɗebi iska, da kuma wanda ya ɗauki mai awon aiki. Yaron da ya shaƙi ƙurar silin ajinsu yana ɗan shekara goma, idan cutar za ta zo, zai iya haura shekara arba'in kafin ta bayyana, a lokacin da ba mai sauran tuna ranar da aka yi gyaran.